Jirgin da Ke Fara Taku da Ƙafar Hagu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na wurinki.

To madalla. A unguwar Arakawa ta birnin Tokyo, can bayan gidan wanka, inda lungu ya matse har mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, akwai maƙerar gidan Umezawa. Jiragen ƙasa ake ƙerawa a ciki, irin masu cin kwal suna aman hayaƙi, amma 'yan ƙanana na tagulla, waɗanda za ka ɗora a tafin hannu su ɗan zarce yatsunka. A shekarun da nake ba ku labari an riga an kwantar da manyan jiragen kwal, na lantarki da na dizal sun karɓe dogo, sai kewa ta kama maza. Babban mutum da furfurarsa, sai ka gan shi durƙushe a tabarma yana kallon ɗan jirgi na zagaya ɗaki, matarsa na kira, miya na hucewa. Kuma ba su ɗauki abin da wasa ba. Mutum zai zauna ya ƙirga kawunan ƙusoshin da ke jikin tukunyar jirgi, in ɗaya ya ɓace ya rubuto wasiƙa shafi uku.

Mutum biyu suka rage a maƙerar, yaya da ƙaninta. Shigeno ce babba, shekararta hamsin da bakwai, ba ta cika magana ba. Tokuji shi ne mai liƙi da dalma, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa ko da ƙusa a leɓensa. A saman maƙerar aka haife su, a nan suke kwana har lokacin.

Aikin Shigeno ƙafafu ne. Bari in gaya muku yadda ƙafar jirgin kwal take, don in ba ku san wannan ba, ba za ku gane abin da ya same ta ba. Kowace ƙafa tana da ɗan dungu a jikinta, inda dogon hannun ƙarfen nan yake kamawa yana juya ta. Ƙafar dama da ta hagu suna kan sanda ɗaya, amma dungun wannan ba ya tafiya daidai da na waccan. Ɗaya yana gaba da rubu'in juyi, kamar mutum mai ɗaga ƙafa ɗaya kafin ɗaya. A jiragen ƙasar kusan duka, dama ce ke fara taku. Mahaifinsu ya sassaƙa wani gurbi na baƙin ƙarfe: ka kwantar da ƙafa biyu a ciki, ka danne da matsi, su zauna daram a kan sanda, dama a gaba. Shekara talatin da ɗaya Shigeno na kan wannan gurbi. Ko ta rufe ido hannunta ya san hanya.

Mai kanti ɗaya ya rage yana ba su aiki, Hoshikawa na unguwar Kanda. Sauran duk sun kwashe aikinsu sun kai masana'antun Koriya. Shi ma bai ɓoye musu ba. Ya ce, "Ku yi mini Kyuroku ɗari da ashirin. In Malam Kumagai ya gyaɗa kai, muna tare. In bai gyaɗa ba, ni ma na haye ruwa." Kyuroku wani gajeren jirgi ne mai ƙaton ciki, da ƙananan ƙafafun ja guda takwas, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jan kwal. Malam Kumagai kuwa tsohon direba ne, shekara talatin ya tuƙa Kyuroku a ƙasar ma'adinai ta Kyushu, kuma Hoshikawa ba ya sa sabon jirgi a gilashin kantinsa sai tsohon ya duba. In Hoshikawa ya tafi, maƙera ta mutu. Su biyun sun san haka, ba sa dai faɗa.

Wata bakwai suka yi a kan aikin. Ranar da za a kai wa tsohon wata Talata ce a tsakiyar zafin Yuli. Kwalaye ɗari da ashirin na jere a bango har rufi, kowanne da jirginsa kwance cikin auduga. Ƙarfe biyu na rana aka ce su zo. Tun da safe Tokuji ya yi aski, ya sa farar rigar da yake zuwa jana'iza da ita, yana ta 'yan waƙe-waƙensa.

"Yaya, naɗo mana babban zanen nan mu tafi da shi," in ji shi. "Kin san tsohon nan, in ba a shimfiɗa masa takarda ba sai ya ga kamar an raina shi."

Zanen yana kan teburin baya tun ranar da aka fara aiki, kowace kusurwa an danne ta da wani abu don kada fanka ta ɗaga shi. Shigeno ta ɗauke magagari, ta ɗauke guduma, ta ɗauke kofin shayi. Kusurwa ta huɗu gwangwanin ƙusoshi ne a kai. Ta ɗaga shi. A ƙarƙashinsa, cikin da'irar tsatsar da gindin gwangwanin ya bari, ga wani ɗan rubutu layi ɗaya: A lura, a wannan jirgi hagu ce ke gaba.

Ta karanta. Ta goge tabarau da bakin riga, ta sake karantawa. Sai ta zauna a ƙasa da gwangwanin a cinya.

"Yaya? Zafi ne? Ai na ce ki ci wani abu, kin tsaya kina wa jirgi kwalliya kamar amarya."

Ta nuna masa da yatsa. Ya sunkuya ya karanta, waƙar ta mutu a bakinsa. Ya juya ya kalli bangon kwalayen nan tun daga ƙasa har sama.

"Duka?"

"Duka. Sanda ɗari huɗu da tamanin. Da hannuna na danne su."

"Ba ki duba zanen ba?"

"Me zan duba? Shekara talatin dama ce. Kai ka duba? Wa ya ɗora gwangwanin nan?"

Shi kuwa ya ɗora. Ya fizgo jirgi ɗaya daga kwali, ya kwance cikinsa da sauri. "Tsaya, ai abin mai sauƙi ne. A zaro sandar a juya ta, ƙafar dama ta koma hagu, shi ke nan."

Ta bar shi ya gwada. Ya juya, ya mayar, ya murza da yatsa. Dama ce dai a gaba. Ya sake juyawa, haka.

"Takalmin ƙafar dama ne, Tokuji," in ji ta. "Duk yadda ka juya shi na dama ne. Sai an cire ƙafar daga kan sanda an sake dannewa. Gurbin Baba kuwa bai san hagu ba."

Agogon bango ya buga tara da rabi. Tokuji ya shiga zagaya maƙerar, farar rigar ta jiƙe ta manne masa a baya. Can ya tsaya.

"Wa zai gani? Mutum ido biyu gare shi, kuma duk a gaba suke. Ba mai ganin gefe biyu na jirgi a lokaci ɗaya."

"Malam Kumagai zai gani."

"To a gyara ɗaya. Wanda za a ajiye a gabansa kaɗai. Sauran suna kwali, su tafi a kwali. Masu saye ƙusoshi suke ƙirgawa, ba taku ba."

"Cuta ce wannan."

"Na ji, cuta ce. To kawo wata dabarar. Ko mu je mu ce masa, Maigida, mun yi wata bakwai muna ƙera maka abin da ba shi ba? Kafin mu sauko daga benensa ya buga waya Koriya. Yaya, ina za ki a shekara hamsin da bakwai? Wankin kwanuka a shagon taliya? Ni wa zai ɗauke ni?"

Ku kuwa kada ku yi saurin ganin laifinta, ba ku taɓa zama a ƙasa da gwangwani a cinya kuna kallon gidanku na zamewa ba. Ta miƙe ta ce, "Miƙo mini ƙaramin hantsakin nan."

Da ido ta yi aikin, ba gurbi. Ta ninke takarda gida huɗu ta sami kusurwa, ta ɗiga alama da fensir a kan sanda. Ta zare ƙafa ta farko, ta juya ta, ta danne. Ta biyu ma ta zauna lafiya. Ta ukun ce ta yi gardama, ta ƙi fita sai da ta sa ƙarfi, gumi na ɗiga daga haɓarta a kan tagullar. Da ta zo dannewa hannunta ya ɗan goce, abin da bai taɓa yi ba. Ta huɗu ta gama da ita ƙarfe sha biyu saura kaɗan.

Suka ɗora shi a ɗan dogon gwaji na bakin taga. Da gudu, lafiya lau, kamar iska. Da Shigeno ta rage wutar lantarkin da ke tafiyar da shi ya koma tafiyar hawainiya, sai ta gani: kowane juyi sai ya ɗan yi tsam, sannan ya wuce. Kaɗan ne, amma yana nan.

"Yana ɗingishi," in ji ta.

"Idonki ne kawai. Tsoho ɗan saba'in da huɗu ina zai ga wannan?"

"Bari in sake cire ta ukun."

"In kika sake cire ta ramin ya buɗe, ta riƙa wasa a kan sanda, kin fi ni sani. Kuma dubi agogo."

Ya naɗe jirgin, ya kuma ɗauko wani kwalin daga bango. Ta kama hannunsa ta ce ya bar wannan. Ya ce tun zamanin Baba biyu ake kaiwa, don gudun kada injin ɗaya ya ƙi tashi, in suka je da ɗaya tambayar farko ke nan da Hoshikawa zai yi. Ta sake shi. Dunƙulen shinkafar da ta yi musu tun asuba suka bar shi a tebur, ba wanda ya tuna.

Ɗakin dubawa yana saman kantin. Dogo ya zagaye wani faffaɗan tebur, taga a buɗe, fanka na kaɗa iska mai zafi. Hoshikawa na tsaye da fifita a hannu, dogo, mai ladabin da bai kai zuci ba. Malam Kumagai na zaune, ɗan tsamurmurin tsoho, kunnensa ɗaya ya mutu tun yana aiki, don haka da ihu yake magana. Suka rusuna, ya rusuna. Aka kawo shayin sha'ir mai sanyi. Sai da ya shanye nasa tas, sannan ya sa fararen safar hannu ya ce, "To, a kawo yaron in gan shi."

Ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido. Ya fara daga bututun hayaƙi, ya bi tukunya yana motsa leɓe, yana ƙirga ƙusoshi. Ya bi kowane siririn bututu da tsinken sakace, daga inda ya fito har inda ya shiga. Ya ɗaga shi sama ya leƙa cikinsa. Ya shinshina shi ma, ban san dalili ba. Minti arba'in ba wanda ya yi tari. Da ya leƙa ɗakin direba sai ya fashe da dariya.

"Kai! Har da ƙugiyar rataya butar shayi! Wane munafukin ya gaya muku?"

"Ni na je inda ake yanka tsofaffin jirage, Malam," in ji Tokuji. "Na shiga ɗaya kafin su sa masa wuta. Mai gadi ya bi ni da sanda."

"Da ya same ka da ya yi daidai, ɓarawon ƙugiya! Hoshikawa, zo ka gani. Nan nake rataya tawa. Mai zuba mini kwal kullum sai ya buga kansa a jiki, kullum sai ya zagi uwar butar."

Hoshikawa ya leƙa, ya ɗan yi murmushi. Tokuji ya taka ƙafar yayarsa a ƙarƙashin tebur.

Sai tsohon ya zaro wani ɗan madubin hannu na mata daga aljihu. Ya ajiye jirgin a dogo, ya jingina madubin a bayansa yadda zai ga gefe biyu a tare, ya tura shi da yatsa a hankali. Ya ɗago, ya cire gilashin daga ido, ya dubi Shigeno.

"Ke ce mai ƙafafu?"

"Ni ce, Malam."

"Hagu a gaba. Yauwa! Shekara goma ana kawo mini Kyuroku a teburin nan, ke ce ta biyu da ta lura. Sauran dukansu da ƙafar dama suke tayar da shi, kamar kowane jirgi. Sannu, 'yata. Akwai sauran masu karanta zane a ƙasar nan."

Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tebur, don kada ya ga fuskarta. Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Saura gwaji ɗaya, kuma kowa a sana'ar ya san shi. Malam Kumagai ya ɗaura wani buɗaɗɗen tarago a bayan jirgin, ya ɗora ɗan finjali a kai, ya cika shi da ruwa har ya yi tozo a baki. Ya ce da gudu ko akwatin ashana ma jirgi ne, a tafiyar hawainiya ake sanin aiki. Ya kama maɓallin wuta da yatsa biyu, ya murza shi kaɗan-kaɗan.

Jirgin ya motsa. Hannun ƙarfe ya tashi, ya sauka. Juyi ɗaya, ruwan ya yi rawa. Juyi na biyu, ya sake. A na uku ɗigo ya gangaro ta gefen finjalin, wani ya biyo shi, taragon ya jiƙe.

Tsohon ya kashe wuta. "Ash. Yana ɗingishi."

"Ƙura ce a dogo, Malam," in ji Tokuji da sauri. "Da wannan zafin, da taga a buɗe..."

"Da safen nan na goge dogon da hannuna," in ji Hoshikawa. Ya nuna ɗaya kwalin da fifita. "Ba ga na biyu ba? A sa shi."

Hoshikawa ya buɗe kwalin da kansa, ya ɗora jirgin, aka sake cika finjali. Malam Kumagai ya murza maɓalli.

Wayyo, 'ya'yana, da kun ga tafiyar jirgin nan. Kamar mai a faranti. Ya zagaye teburin nan kaf a hankali, hannuwansa na tashi suna sauka, ruwan ko gezau, har kana ganin hoton taga a kansa. Aikin gurbi ke nan da hannun shekara talatin. Hoshikawa ya sauke ajiyar zuciya. Tsohon ya kwantar da haɓa a tebur yana bin sa da ido, yana murmushi kamar yaro. Jirgin ya zo ya wuce ta gabansa, ya sha kwana, ya nuna masa ɗaya gefen. Murmushin ya tsaya. Ya bar shi ya sake zagayowa. Sannan ya kashe wuta, ya jingina madubi, ya duba sau ɗaya, ya mayar da shi aljihu.

Ya jera jiragen biyu a gabansa. A karon farko ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wannan Kyuroku ne, amma gurgu. Wannan lafiyayye ne, amma ba Kyuroku ba ne, ya ari rigarsa ne kawai." Ya ɗago na farkon ya duba ƙarƙashinsa. "Ga alamar fensir ma ba ta goge ba. Yau aka taɓa shi. To sauran ɗari da goma sha takwas, da wanne suka yi kama?"

"Ɗaya ne ya kuɓuce mana, Malam," in ji Tokuji. "Cikin sauri ne, kwalin ya..."

"To mu je Arakawa yanzu a buɗe kwalayen," in ji Hoshikawa. "Motata na ƙasa."

Shigeno ta ture kujera. Ta durƙusa a dandamalin katakon nan, ta kifa tafin hannu biyu, ta sa goshi a ƙasa. Mace mai furfura, a gaban ƙaninta.

"Ba sai an je ba, Maigida. Duka da dama suke farawa. Ni na danne su, ban karanta zane ba, na bi hannuna. Yau da safe na gani. Na gyara ɗaya don Malam ya gani ya gyaɗa kai, sauran su tafi a haka. Ni na yi da hannuna."

"Ni na sa ta!" in ji Tokuji. "Ta ce cuta ce, ni na..."

"Rufe mana baki," in ji ta, goshinta na ƙasa. "Maigida, ka ba ni kwana ashirin da biyar. Kwana huɗu in sassaƙa sabon gurbi, sauran in cire su ɗaya bayan ɗaya in mayar. Ba zan ce duka za su tsira ba, ƙafar da aka cire wani lokaci ba ta sake kamawa. Amma duk wanda na kawo maka zai zama Kyuroku. Kada ka haye ruwa. Ba mu da kowa sai kai."

Hoshikawa ya je bakin taga ya tsaya, ya ba su baya. Ana jin ƙarar motoci daga titi. Malam Kumagai ya cire safar hannu, ya sauko daga kujera da ƙyar, ya tsuguna kusa da ita.

"Tashi, 'yata, gwiwata ba ta son ƙasa. Ke kika danne ƙafafun na biyun nan?"

"Ni ce."

"Hoshikawa! Ka ji ni? Ban taɓa ganin ruwa ya kwanta haka a teburinka ba. Ba zan gyaɗa kai a kan ƙarya ba, ko ɗana ne ya ƙera. Amma in ta gyara, ni zan je can in zauna, kowane ɗaya in ɗora masa finjali. Ba ni da aikin yi, matata ma ta gaji da ganina."

Hoshikawa ya juyo. Ya ninke fifitar a hankali.

"Na yi wa mutane alkawari bayan hutun ziyarar kaburbura za su karɓi jiragensu. Saboda su zan jira. Wanda Malam ya yarda da shi zan karɓa, wanda bai yarda da shi ba ku narkar." Ya dubi Shigeno. "Amma daga wannan mun rabu."

"Maigida..."

"Tun ina saurayi nake hawa benenku, Shigeno. Da kin shigo nan kin ce mini kin yi kuskure, da mun zauna mun nemi mafita, ni ma na sha yi. Amma kun zo ne ku sa in miƙa wa mutanena abin da ba shi ba, da sunana a jikin kwali, ku sa tsohon nan ya zama shaidarku. Gobe in kika kawo mini kwali, sai na buɗe kowanne. Ba zan iya aiki haka ba."

Ta sake kifa goshi. Ta roƙe shi da zumuncin da ke tsakaninsa da mahaifinsu. Ta ce ya gwada su da aiki ɗaya, ko ƙarami, ko taragu ne. Tokuji ma ya durƙusa, yana kuka kamar ba shi ne mai waƙa da safe ba, yana cewa a kore shi shi kaɗai a bar yayarsa. Hoshikawa ya rusuna musu cikin ladabi, ya ce akwai masu saye na jiransa a ƙasa, ya sauka.

Suka hau jirgin komawa gida. Sai da suka shiga lungu Tokuji ya ce, "To tunda ya sallame mu, wahalar me za mu sha? A mayar masa da tagullarsa."

"Ni na sa su da dama," in ji ta. "Ni zan mayar da su hagu. Je ka nemo mini baƙin ƙarfe mai kauri."

Kwana huɗu ta yi tana gugar ƙarfe da magagari har yatsunta suka fashe. Ran na biyar Malam Kumagai ya iso da safe, da hularsa ta kaba da finjalinsa a naɗe cikin hankici, ya zauna bakin taga. Haka aka yi ta yi. Tokuji ya kwance, Shigeno ta cire ta danne, tsohon ya ɗora ruwa. In ruwa ya kwanta ya yi ihu, "Wuce!" In ya zube ya ce, "Ash," a ajiye jirgin a gefe. Kowane "ash" sai ta ji shi a ƙirji, don ta san wata nawa ke cikin jirgin. Wata rana tara suka zube a jere, ta fita bayan maƙera ta tsaya tana kallon bango, sannan ta dawo ta ɗauki na goma. Da rana sukan ci taliya mai sanyi su uku, tsohon na ba su labarin hawan tudu da kwal tan ɗari shida a baya, Tokuji na ce masa jiya ɗari biyar ya ce. Kullum in Shigeno ta ji ƙarar mota a bakin lungu sai ta ɗaga kai, ko Hoshikawa ne ya zo ya ce ya sake shawara. Bai zo ba ko sau ɗaya.

Tamanin da uku suka wuce. Hoshikawa ya aiko mota ta kwashe su, suka ƙare a kantinsa cikin mako biyu, aikinsa na gaba kuwa Koriya ya kai. An rufe maƙerar Umezawa da sanyi ya wuce, aka sayar da gidan. Tokuji ya sami aikin liƙi a wata masana'antar tankin ruwan mota a Kawaguchi, ya yi shekara tara a can. Malam Kumagai ya ci gaba da duba jirage har shekara huɗu, sannan ya rasu a gidan 'yarsa a Kyushu. Shigeno ta kama ɗaki ɗaya kusa da tasha, ta sa tebur a bakin taga, masu ƙananan jirage suna kawo mata gyaran ƙafafu, tana yi har idonta ya gaza tana da shekara saba'in da ɗaya.